Gani Ya Kori Ji: Rayuwar Albert Sherman Osborn da Gudummawarsa ga Ilimin Tantance Takardu a Gaban Shari'a

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Albert Sherman Osborn, Ba'amurken da ya rayu daga 1858 zuwa 1946, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin tantance takardun da ake jayayya a kansu a kotunan Amurka. An waiwayi tasowarsa, da halin da ya tarar da shaidar rubutun hannu a ciki, da ƙa'idojin da ya shimfiɗa, da manyan shari'o'i biyu da suka fito da sunansa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa babban aikinsa shi ne tilasta wa ƙwararre ya nuna wa kotu dalilinsa ido da ido, kuma da wannan ma'auni ne 'yan baya suka dawo suna auna fannin da ya kafa.

1.0 Gabatarwa

Takarda ɗaya tana iya mayar da gadon marayu hannun baƙo, tana iya raba mutum da gonarsa, tana kuma iya kai shi ga hukuncin kisa. Idan aka kawo wasiyya ko takardar cinikin gida gaban alƙali, wani ya ce hannun mamaci ne, wani ya ce jabu ce, to wanda ya rubuta ba ya nan balle a tambaye shi. Abin da ya rage shi ne tawada da takarda, sai kuma wanda zai iya karanta abin da suka ƙunsa bayan kalmomin da ke kansu. Wannan shi ne fagen mai tantance takardu: yana nazarin rubutun hannu da sa hannu da tawada da takarda da bugun tafireta, da alamun kankara ko ƙari, domin ya taimaki kotu ta gane asalin takarda. Kafin zamanin Osborn kotuna suna kallon masu wannan aiki da idon zargi, kuma suna da hujjar yin haka. Tarihin rayuwarsa tarihi ne na yadda aka rage wannan zargi, da kuma iyakar inda aka iya rage shi.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Osborn ranar 26 ga Maris, 1858, a ƙauyen Sharon da ke jihar Michigan, cikin gidan manoma. Ya yi aikin gona kamar sauran yaran karkara na zamaninsa, amma zuciyarsa ba ta kwanta da noma ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne kyan rubutu. A Amurka ta wancan lokaci, kafin tafireta ta mamaye ofisoshi, kyan hannu sana'a ce mai ci, domin duk littattafan ciniki da wasiƙun kamfanoni da hannu ake rubuta su, kuma makarantun koyon kasuwanci suna ɗaukar malamai musamman don koyar da shi.

A 1882 wata makarantar koyon kasuwanci da ke birnin Rochester a jihar New York ta gayyace shi ya koyar da rubutu. Wannan aiki ne ya zame masa makaranta. Ya shafe shekaru yana kallon ɗaruruwan ɗalibai suna kwaikwayon samfuri guda, a aji guda, ƙarƙashin malami guda, amma kowanne hannunsa yana karkata zuwa tasa hanya. Ya kuma lura cewa ɗalibi ɗaya ba ya iya maimaita kalma sau biyu ta fito daidai wa daida. Waɗannan abubuwa biyu, wato bambancin da ke tsakanin mutane da kuma sauyin da ke cikin hannun mutum guda, su ne tubalan da ya gina duk aikinsa a kai daga baya.

A wancan zamani lauya idan ya sami takardar da yake shakka, malamin rubutu ko ma'aikacin banki yake nema ya duba masa. Ta haka lauyoyin Rochester suka fara ƙwanƙwasa ƙofar Osborn. Sannu a hankali aikin ya yi yawa har ya bar koyarwa, daga bisani ya koma birnin New York ya buɗe ofis, ya duƙufa ga tantance takardu kaɗai.

3.0 Halin da Ya Tarar da Shaidar Rubutu

Dokar da Amurka ta gada daga Ingila tana da wani tsari mai ban mamaki game da rubutu. Mutumin da ya taɓa ganin wani yana rubutu, ko da sau ɗaya ne shekaru da dama da suka wuce, an yarda ya shaida cewa hannunsa ne ko ba nasa ba. Amma a kawo sahihin rubutun mutumin daga waje a ajiye shi gefen wanda ake jayayya a kai a gwada, wannan kotuna da yawa sun hana. Dalilan da aka bayar sun haɗa da cewa 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su yanke ko akwai laifi, a da can yawancinsu ba su iya karatu ba, da kuma tsoron kada wani ɓangare ya zaɓo samfurin da ya dace da buƙatarsa. Akwai kuma tabon shari'ar Algernon Sidney, wanda aka kashe a Ingila a 1683 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, inda kamannin rubutu ya kasance cikin hujjojin da aka kafa a kansa, majalisa kuma ta soke hukuncin a 1689. Ingila ta sassauta wannan hani a 1854 ga ƙararrakin da ba na laifi ba, sannan a 1865 ga shari'o'in laifi, amma sassa da dama na Amurka sun daɗe ba su bi sahu ba.

Bayan takunkumin doka, akwai zubewar mutuncin su kansu ƙwararrun. A Faransa, a 1894, aka yanke wa hafsan soja Alfred Dreyfus hukuncin cin amanar ƙasa bisa wata takarda da Alphonse Bertillon, shahararren jami'in 'yan sandan Paris, ya dage cewa shi ya rubuta. Daga baya ta tabbata wani hafsa ne mai suna Esterhazy ya rubuta ta, ba a kuma wanke Dreyfus ba sai a 1906. A Ingila ma an ɗaure Adolf Beck a 1896 kan laifin da wani ya aikata, shaidar wani mai duba rubutu tana cikin abin da ya kai shi kurkuku, sai a 1904 gaskiya ta yi halinta. Waɗannan shari'o'i sun faru ne daidai lokacin da Osborn ke kafa kansa. Abin da jama'a suka ɗauka shi ne kowane ɓangare yana iya hayar ƙwararren da zai rantse masa a kan abin da yake so.

4.0 Ƙa'idojin da Ya Shimfiɗa

Osborn ya fahimci cewa matsalar tana ga yadda ake ba da shaidar. Ƙwararre yakan hau akwatin shaida ya faɗi ra'ayinsa, kotu ta karɓa ko ta ƙi gwargwadon kwarjininsa. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa ra'ayin da ba a bayyana dalilinsa ba ba shi da wani nauyi, kuma aikin ƙwararre shi ne ya sa alƙali da 'yan juri su ga abin da ya gani, har su iya yanke hukunci da idonsu. Saboda haka ya mayar da hankali ga ɗaukar hoto. Yakan faɗaɗa haruffa, ya yanko su daga takardar da ake jayayya a kai da kuma sahihan takardu, ya jera su gefe da gefe a kan allo. Ya tsara gilasai masu layukan awo don auna karkatar harafi da tsawonsa, ya kuma tsara madubin ƙara girma mai gwada abubuwa biyu a lokaci guda, wanda kamfanin Bausch & Lomb na Rochester ya ƙera.

A 1910 ya fitar da littafinsa Questioned Documents, wato takardun da ake jayayya a kansu, wanda ya sake bugawa da ƙari mai yawa a 1929. John Henry Wigmore, babban masanin dokar shaida na Amurka a zamaninsa, shi ya rubuta gabatarwar littafin, abin da ya buɗe masa ƙofar lauyoyi da alƙalai. Ana iya taƙaita ƙa'idojin littafin kamar haka.

Da farko, akwai sifofin da mutum ya gada daga tsarin rubutun da aka koya masa, waɗanda dubban mutane suke tarayya a cikinsu, akwai kuma sifofin da suka keɓanta da shi. Wanda ya kasa rarrabe su zai ɗora wa mutum takarda don kawai makaranta ɗaya suka yi da marubucinta. Na biyu, hannun kowa yana da sauyi na ɗabi'a, don haka samfuri ɗaya ko biyu ba sa wadatarwa. Sai an tara sahihin rubutu mai yawa, wanda ya yi kusa da takardar a zamani, kafin a san iyakar sauyin. Na uku, mai ƙirƙirar jabu yana ɗauke da kaya biyu: dole ya zubar da ɗabi'un hannunsa, ya kuma ɗauki na wani, alhali yawancinsu bai san da su ba. Shi ya sa rubutun jabu yakan fito kamar zane, a hankali, da rawar layi, da ɗaga alƙalami a inda bai kamata ba, da komawa a gyara harafi. Na huɗu, bambanci ɗaya na asali da ba a iya bayyana dalilinsa ba ya isa ya rinjayi kamanni masu yawa. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe garkuwa ce ga wanda ake tuhuma, kuma da an bi ta da Dreyfus bai sha wuyar da ya sha ba.

Bai tsaya ga rubutun hannu ba. Ya nuna cewa kowace tafireta tana samun nata lahani da amfani, harafi ya karye ko ya goce daga layi, har a iya danganta takarda da na'urar da ta buga ta. Ya yi bayani kan tawada, da tambarin da ke cikin jikin takarda, da yadda ake gane layin da ya riga wani idan sun gitta juna. Ya kuma nisanta fanninsa daga masu da'awar karanta halin mutum daga rubutunsa. Har ila yau ya lura cewa wasu mutane idonsu ba ya kama ƙananan bambance-bambancen sifa, kamar yadda wasu ba sa rarrabe launi, ya tsara jarrabawar gano hakan, domin irin wannan mutum bai dace da aikin ba.

A 1913 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta halatta wa kotunan tarayya karɓar sahihin rubutu don gwadawa. Masu tarihin fannin suna ganin rubuce-rubucen Osborn da goyon bayan Wigmore sun taimaka wajen sauya ra'ayin kotuna a wannan zamani.

5.0 Shari'ar Wasiyyar Rice

William Marsh Rice attajiri ne da ya tara dukiyarsa a Texas, ya kuma yi wasiyya a 1896 cewa mafi yawanta a gina cibiyar ilimi da ita a birnin Houston. Ya rasu a New York ranar 23 ga Satumba, 1900, yana da shekara 84. Washegari aka kai wani ceki na dala 25,000 banki da sunan wani lauya, Albert T. Patrick. Ma'aikacin banki ya lura an yi kuskure a rubutun sunan, aka nemi Rice don tabbatarwa, sai aka tarar ya riga mu gidan gaskiya. Ba da jimawa ba Patrick ya fito da wata sabuwar wasiyya mai kwanan watan Yuni na 1900, wadda ta mallaka masa mafi yawan dukiyar. Daga baya baran Rice, Charles Jones, ya amsa cewa da haɗin bakinsa aka shirya takardun, kuma shi ya shaƙa wa maigidansa maganin sa barci har ya mutu.

Osborn yana cikin ƙwararrun da suka duba wasiyyar. Tana da shafi huɗu, kowane shafi da sa hannun Rice. Da aka ɗora hotunan sa hannun a kan juna sai suka hau daidai, layi bisa layi. Ga wanda bai sani ba, wannan alamar inganci ce. A ƙa'idar Osborn kuwa ita ce hujjar jabu, domin babu hannun da zai maimaita kansa haka sau huɗu, balle na tsoho ɗan shekara 84. Abin da ya faru shi ne an ɗora takarda a kan sahihin sa hannu guda an bi sawunsa. Kotu ta yi watsi da wasiyyar, aka sami Patrick da laifin kisa a 1902, ko da yake an sassauta hukuncin, aka kuma yi masa afuwa a 1912. A wannan shekarar ce cibiyar da Rice ya yi niyya ta buɗe ƙofarta, ita ce Jami'ar Rice ta yau. Wannan shari'a ta dace da manufar Osborn ƙwarai, domin hujjar ba ta bukatar a yarda da kowa. Duk mai ido zai gani.

6.0 Shari'ar Lindbergh

Ranar 1 ga Maris, 1932, aka sace ɗan shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, yaro ɗan wata 20, daga gidansu kusa da Hopewell a jihar New Jersey. An biya kuɗin fansa dala 50,000, amma a watan Mayu aka tsinci gawar yaron. Wanda ya sace shi ya bar wasiƙu fiye da goma. Osborn ya duba su tun ba a kama kowa ba, ya ce hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, kuma sifar haruffan da irin kurakuran rubutun suna nuna mutumin da ya koyi rubutu da Jamusanci. Ya kuma tsara wani sakin layi mai ɗauke da kalmomin da suka dace, wanda 'yan sanda za su riƙa yi wa waɗanda ake zargi shifta da shi.

A watan Satumba na 1934 aka kama Bruno Richard Hauptmann, kafinta ɗan asalin Jamus, aka kuma sami wani kaso na kuɗin fansar ɓoye a garejinsa. A shari'ar da aka yi a garin Flemington a farkon 1935, masu gabatar da ƙara sun kira ƙwararrun rubutu takwas, Osborn ne na farkonsu, yana da shekara 76, ɗansa Albert D. Osborn ma yana cikinsu. Da manyan allunan hotuna ya gwada wasiƙun da rubutun Hauptmann, har da takardun neman lasisin mota da ya cike tun kafin a kama shi. Ya nuna sifar wasu haruffa da ba a saba gani ba, da karan ɗorin da ake sakawa a tsakiyar sunan New York, da musanya wasu baƙaƙe irin ta masu jin Jamusanci. Masu kare wanda ake tuhuma ƙwararre ɗaya suka gabatar. An sami Hauptmann da laifi ranar 13 ga Fabrairu, 1935, aka zartar masa da hukuncin kisa ranar 3 ga Afrilu, 1936, yana musanta laifin har ƙarshe.

Wannan shari'a ta kai sunan Osborn ko'ina, amma ta bar tambayoyi. Marubutan baya sun soki yadda 'yan sanda suka karɓi samfurin rubutun Hauptmann cikin dare yana tsare, shi ma ya yi ƙorafin cewa an umarce shi ya rubuta kalmomi da kurakuran da ke cikin wasiƙun. Sun kuma yi nuni da cewa ƙwararren da ya riga ya ji an sami kuɗin fansa a gidan mutum yana iya ganin kamanni fiye da yadda suke. Masu kare hukuncin suna amsawa da cewa rubutun da ya yi kafin kamun ya wadatar, ga kuma sauran hujjoji. Ko wane ɓangare aka bi, darasin a fili yake: ingancin gwaji yana rataye da yadda aka samo samfuri, da kuma abin da aka riga aka zuba a kunnen mai gwajin.

7.0 Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Hankalin Osborn ya daɗa karkata ga yadda kotu take gano gaskiya. A 1922 ya fitar da The Problem of Proof, kan matsalar kafa hujja, a 1937 kuma The Mind of the Juror, kan yadda ɗan juri yake tunani da abubuwan da ke karkatar da shi. Littafinsa na ƙarshe, Questioned Document Problems, ya fito a 1944. Tun daga 1913 yake gayyatar abokan sana'arsa su tattauna matsalolin aiki, kowa ya kawo abin da ya gano. Wannan zama ne ya rikiɗa a 1942 ya zama ƙungiyar masu tantance takardu ta Amurka, shi ne kuma shugabanta na farko. Ya rasu a watan Disamba na 1946 yana da shekara 88, ɗansa da jikokinsa suka ci gaba da sana'ar.

8.0 Gadonsa a Ma'aunin 'Yan Baya

Shekaru da dama kotunan Amurka suna karɓar shaidar rubutu ba tare da wata gardama ba. A 1989 wasu masana uku, Risinger da Denbeaux da Saks, suka wallafa maƙala suna tambayar inda aka taɓa gwada ƙwararrun aka ga yawan kuskurensu. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Daubert a 1993, wanda ya ɗora wa alƙalai nauyin tace shaidar kimiyya, wata kotun tarayya a New York ta yanke a 1995 cewa tantance rubutu ƙwarewa ce ta aiki, irin ta matuƙin da ya san mashigar tashar jiragen ruwa, amma bai kai matsayin kimiyya ba. Suka irin wannan ta haifar da gwaje-gwaje, waɗanda suka nuna cewa horarrun masu tantancewa sun fi sauran mutane kauce wa danganta rubutu ga wanda bai yi shi ba, ko da yake su ma suna kuskure. Rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka na 2009 ya amince akwai alamun tushe ga fannin, ya kuma nemi a ƙarfafa shi da bincike.

Tambayar ba ta tsaya a Amurka ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, wadda tushenta yake a dokar Ingila, ta yarda da ra'ayin ƙwararre a kan rubutun hannu, ta yarda da shaidar wanda ya san hannun mutum, ta kuma ba kotu damar gwada rubutu da rubutu. Don haka duk alƙalin da aka kawo wa takardar fili ko wasiyyar da ake musu a kanta yana fuskantar abin da Osborn ya fuskanta. Haka ma manazarcin da ke son danganta wani rubutun ajami ga wani malami: sai ya rarrabe abin da hannu ya gada daga makaranta da abin da ya keɓanta da marubuci.

9.0 Kammalawa

Osborn ya tarar da shaidar rubutu tana tafiya bisa kwarjinin mai faɗa, ya bar ta tana da hanya da kayan aiki da littattafai da ƙungiya. A shari'ar Rice hanyarsa ta ceto dukiyar da aka yi wa ilimi tanadi. A shari'ar Lindbergh ta taimaka wajen yanke hukuncin da har yau ake tattaunawa a kansa. Masu sukar fannin a ƙarshen ƙarni na 20 sun nemi ƙwararru su kawo hujjar cewa suna iya abin da suke da'awa, wanda shi ne sharaɗin da malamin rubutun Rochester ya gindaya wa kansa tun farko, lokacin da ya ƙi yarda kotu ta karɓi maganarsa sai ta ga dalilinsa a kan allo.